Wa Ke da Ikon Yafe Jinin Wani?



Duk wanda ya daɗe a ƙasar kurmi ya san yadda ake zaman sulhu. Bayan an kwana biyu ko uku ana ƙone-ƙone, sai a kira shugabannin ɓangarori, a kafa rumfa, a jera kujerun roba, a dire ruwan gora a gaban manya. Fasto ya buɗe da addu'a, liman ya rufe, kuma sau da yawa mu ne limamin da ake turawa. A tsakiyar zama wani babba zai miƙe, ya gyara babbar riga, ya ce abin da ya wuce ya wuce, mu dai mun yafe. A tafa, a ɗauki hoto, a watse. Mun halarci irin wannan zama ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, har da bayan rikicin kasuwar Shasha na watan Fabrairun 2021, kuma ba mu taɓa da-na-sanin zuwa ba, domin bayansa kasuwa takan buɗe, yara su koma makaranta.

Sai dai akwai tambayar da ke biyo mu har gida duk ranar da muka shafa irin wannan fatiha. Shi wannan babban da ya ce ya yafe, me aka yi masa? Rumfarsa na nan, motarsa na nan, 'ya'yansa sun kwana a ɗaki. Wanda aka ƙone wa kaya yana can bayan rumfa a tsaye, matar da mijinta bai dawo ba ko gayyatarta ba a yi ba. To da izinin wa aka yafe?

Mu 'yan kasuwa mun san amsar wannan a harkarmu. Dillali na iya ɗaga wa mai saye ƙafa, ya ce kawo kuɗin huhun goron nan kasuwa mai zuwa. Yana iya shiga tsakani ya hana a ci kwalar juna. Abin da ba ya iyawa shi ne ya ce na yafe maka kuɗin, alhali kayan na wani bawan Allah ne da ya ba shi amana. Ranar da ya yi haka ya tashi daga dillali ya koma maci amana, ko da kuwa da kyakkyawar niyya ya yi.

Ba za mu tono namu na gida a wannan shafi ba, don mikin bai warke ba, kuma kowa na da nasa ɓangaren. Gara mu dubi wata ƙasa mai nisa wadda ta yi wannan zama a matakin ƙasa baki ɗaya, har ta rubuta shi ya zama doka, wato Labanon. Mutanenta ba baƙinmu ba ne. Su ne iyayenmu ke kira Kwara, kuma duk wanda ya taɓa sarin atamfa ya yi ciniki da su ko da 'ya'yansu.

Labanon ƙaramar ƙasa ce, amma ta tara Kiristoci Maroniyawa da sauran ɗariƙun Kirista, da Musulmi 'yan Sunna da 'yan Shi'a, da Duruz. Tun samun 'yanci a 1943 suka raba kujeru bisa addini: shugaban ƙasa Bamaroniye, firaminista ɗan Sunna, kakakin majalisa ɗan Shi'a, a majalisa kuma kowane Kirista shida Musulmi biyar. An gina wannan lissafi a kan ƙidayar jama'a ta 1932, kuma har yau ba su sake wata ba, don kowa na tsoron abin da za ta nuna. Ga kuma Falasɗinawa 'yan gudun hijira da mayaƙansu a sansanoni, ga Siriya ta gabas da arewa, ga Isra'ila ta kudu. Ranar 13 ga Afrilu 1975 'yan bindigar jam'iyyar Kata'ib ta Kiristoci suka buɗe wa wata bas mai ɗauke da Falasɗinawa wuta a unguwar Ainur Rummana cikin Bairut, bayan an harbe mutanensu a ƙofar coci da safiyar ranar. Daga nan aka shekara 15 ana yi.

Abin da zai fi taɓa zuciyar mazaunin Sabo a wannan yaƙi shi ne kisan katin shaida. A lokacin, katin ɗan ƙasa na ɗauke da addinin mai shi. Sai samari su datse hanya, su tsayar da tasi, su karɓi kati, wanda addininsa bai yi musu ba a sauke shi. Ba sai mun yi wa kowa bayanin yadda wannan yake ba. A cikinmu akwai waɗanda suka taɓa cire hula suka cusa a aljihu kafin mota ta isa shinge. A watan Janairun 1976 mayaƙan Kirista suka afka wa unguwar talakawa ta Karantina, bayan kwana biyu mayaƙan Falasɗinawa da abokansu suka rama a kan garin Kiristoci na Damur. A Satumbar 1982, bayan an kashe zaɓaɓɓen shugaban ƙasa Bashir Jumayyil, mayaƙansa suka shiga Sabra da Shatila, sojojin Isra'ila na kewaye da wurin, suka kwana biyu suna yanka mata da yara da tsofaffi. Daga baya Musulmi suka juya kan juna, Kiristoci ma haka. Ba ɓangaren da ya fito da hannu fari. Ana ƙiyasta mutum 120,000 zuwa 150,000 suka mutu, kimanin 17,000 kuma suka ɓace, ba gawa ba labari.

A 1989 Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa ta ɗora wa Saudiyya da Maroko da Aljeriya nauyin kashe wutar. Aka tattaro 'yan majalisar da suka rage a raye daga zaɓen 1972, su 62 suka je birnin Ɗa'if na Saudiyya, suka shafe mako uku suna ja-in-ja, ranar 22 ga Oktoba suka amince. Aka mai da kujerun majalisa rabi da rabi, aka rage ƙarfin shugaban ƙasa aka ƙara wa majalisar ministoci, aka ce ƙungiyoyi su ajiye makamai. Shugaban farko da aka zaɓa a kan wannan yarjejeniya, Rene Mu'awwad, kwana 17 kacal ya yi aka tayar da bam a hanyarsa. Sai a Oktoban 1990 bindiga ta yi shiru.

Mu faɗi gaskiya tun kafin mu yi suka: sulhun Ɗa'if alheri ne. Wanda ke zaune a inuwa yana shan shayi shi ke raina sulhu don bai cika goma ba. Uwar da ta shekara 15 tana kwana da 'ya'yanta a ƙarƙashin bene ba ta tambayi ko rabon kujeru ya yi daidai ba. Mu da aka karantar da mu tarihin Hudaibiyya a Islamiyya mun san cewa sulhu kan zo da ɗaci, kuma wani lokaci ɗacin a bakin mutum ɗaya yake sauka. Abu Jandal ya zo da mari a ƙafa yana neman mafaka, aka mai da shi hannun mahaifinsa saboda an riga an ƙulla alkawari, sahabbai na kallo ransu na ƙuna. Sayyidina Hasan ya sauka ya bar wa Mu'awiya mulki a shekara ta 41 bayan Hijira don jinin Musulmi ya tsaya. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, wannan ba mu da ja a kai.

Inda muke da magana shi ne abin da ya biyo baya. A watan Agustan 1991 majalisar Labanon ta yi dokar afuwa ta gama-gari, wadda ta shafe laifukan yaƙi da aka aikata kafin ƙarshen Maris na wannan shekara. Har nan ma mutum zai iya cewa dole ce ta sa, don wa zai miƙa bindigarsa in ya san gobe da ita za a kai shi kotu? Amma a dubi abin da dokar ta keɓe. Ta ce afuwar ba ta shafi kashe shugabannin siyasa da manyan malaman addini da jakadun ƙasashen waje ba. Jama'a, ku sake karanta wannan. Wanda ya sauke direban tasi ya harbe shi a bakin kwata an yafe masa. Wanda ya shiga sansani ya karkashe yara an yafe masa. Wanda ya taɓa babban mutum kuwa, shari'arsa na nan tana jira. Manya sun zauna sun yi kyauta da jinin talakawa, nasu jinin suka kulle a akwati.

Haka kuwa aka gani a aikace. Cikin dukan jagororin mayaƙa, mutum ɗaya ya shiga kurkuku, Samir Ja'aja, wanda aka kama a 1994, kuma laifukan da aka ɗaure shi a kansu na kashe manya ne, irin su firaminista Rashid Karami. Ya shekara 11, aka yi masa tasa afuwar a 2005. Sauran suka cire kakin yaƙi suka sa kwat. Eli Hubaiƙa, wanda ya jagoranci mayaƙan da suka shiga Sabra da Shatila, ya zama minista. Nabih Barri na ƙungiyar Amal ya hau kujerar kakakin majalisa a 1992. Walid Jumbulaɗ na Duruz ya riƙe minista. Janar Mishel Aun ya yi gudun hijira a Faransa, ya dawo, ya zama shugaban ƙasa a 2016.

Ku gwada wannan da abin da ya faru a Arfa a Hajjin Bankwana. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ma ya soke bin jinin da aka zubar a jahiliyya, don ya san in aka bar Larabawa suna bin tsohon jini ba za su taɓa zama al'umma ɗaya ba. To da wane jini ya fara? Da na gidansu, jinin ɗan Rabi'atu ɗan Harisu ɗan Abdulmuɗɗalibi, yaron da ƙabilar Huzailu ta kashe yana wurin raino. Da ya zo kan riba ma, da ta baffansa Abbas ya fara. Shugaban da ya fara zubar da nasa haƙƙin yana da bakin da zai roƙi mutane su zubar da nasu. Na Bairut sun kifar da abin, ƙafa sama kai ƙasa.

Wani almajiri zai ce, Malam, ai a littattafanmu na Malikiyya an ce wanda ya yi tawaye bisa tawili ba a bin sa jini ko dukiyar da ta salwanta a lokacin fitina. Haka ne, yana cikin Muhtasar, kuma hikimarsa a fili take: in aka ce sai an bi kowane jini bayan yaƙin basasa, yaƙin ba zai ƙare ba. Amma malamai na maganar runduna biyu ne da suka gwabza a fagen fama. Sauke mutum daga mota saboda sunansa, ko ƙwanƙwasa masa ƙofa a ce zo ka amsa tambaya minti biyar a dawo da kai, wannan ya fi kusa da kisan gilla, wanda Risala ta ce babu afuwa a cikinsa. Ko a kisan ganganci na yau da kullum ma, alƙali ba ya yafewa, sarki ba ya yafewa. Waliyyan jini ake tambaya, su zaɓi ƙisasi ko su yafe. Hukuma na da ikon tsayar da yaƙi, tana da ikon jinkirta hukunci in zartar da shi zai tayar da fitinar da ta fi shi. Wannan shi ne ɗaga ƙafa na dillali. Yafiya kuwa kayan mai kaya ce.

Mu ɗauka ma an ce hukunci ba zai yiwu ba sam. Akwai abin da ya rage wanda bai kai hukunci tsada ba, shi ne a faɗi abin da ya faru. A watan Satumbar 1982 wasu mutane suka zo gidan wani malamin makaranta a Bairut, Adnan Halwani, suka tafi da shi a gaban matarsa Wadad da 'ya'yansu biyu. Da ta gaji da zagayen ofisoshi sai ta ba da sanarwa a rediyo cewa duk wanda aka ɗauke masa wani ya zo su haɗu. Ta zaci mutum uku ko huɗu za ta gani, sai ga ɗaruruwan mata. Daga nan aka kafa kwamitin iyalan waɗanda aka sace, Musulmi da Kirista a haɗe, suka shekara fiye da 30 suna tambaya ɗaya: ina suke? A shekarar 2000 wani kwamitin gwamnati ya amsa cewa akwai kaburburan bai-ɗaya a cikin Bairut, ya ce a ɗauka duk waɗanda suka ɓace sun mutu, ba tare da an tono ko ɗaya ba. Kafin shekarar ta fita Siriya ta sako gomman fursunoni 'yan Labanon da ransu. Sai a Nuwambar 2018 majalisa ta yi dokar da ta amince cewa iyalai na da haƙƙin sanin makomar 'yan uwansu, lokacin da yawa daga cikin iyayen sun riga mu gidan gaskiya.

Mu da ake kawo wa matsalolin aure da gado mun san nauyin kalmar nan "ya ɓace". Matar mamaci ta san matsayinta: wata huɗu da kwana goma, a raba gado, rayuwa ta ci gaba. Matar wanda ya ɓace sai ta kai ƙara, a yi bincike, ta jira shekara huɗu, sannan ta yi takaba, dukiyarsa kuma a dakata da ita. Ko an yanke mata hukunci, duk sallamar da aka yi a zaure sai gabanta ya faɗi. Mutumin da ya san ramin da aka jefa mijinta yana nan a gari, wataƙila ma yana majalisa. Kalma ɗaya daga bakinsa za ta kwance ta, kuma doka ta riga ta ba shi kariya, amma ya yi gum. Wannan shirun ba sulhu ne ya wajabta shi ba, zalunci ne sabo da ake sake yi kowace safiya.

Aljeriya, wadda ta taya Labanon sulhu, ta zarce haka da nata ya zo. Bayan yaƙin da ya biyo soke zaɓe a Janairun 1992, an yi ƙuri'ar raba gardama kan sulhu a 2005, sannan dokar 2006 ta tanadi ɗaurin shekara uku zuwa biyar ga wanda ya yi amfani da raunukan yaƙin wajen ɓata sunan hukuma da jami'anta. Wato bayan an yafe a madadinki, in kin ɗaga murya ke ce mai laifi.

Labarin Wahshi ya daɗe yana yi mana yawo a kai kan wannan batu. Shi ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu. Da aka ci Makka ya gudu, kuma abin mamaki, Ɗa'if ɗin nan ya gudu, daga can ya biyo tawagar garin zuwa Madina ya musulunta. Annabi ya karɓi musuluncinsa, ba a taɓa shi ba. Amma malaman tarihi sun kawo cewa ya sa shi ya zauna ya ba da labarin yadda ya yi kisan, da bakinsa, sannan ya nemi ya riƙa kawar da fuskarsa daga gare shi. Mai haƙƙi ne ya yafe, bayan an faɗi gaskiya a gabansa, kuma ba wanda ya tilasta masa ya yi kamar abin bai yi masa ciwo ba. In fiyayyen halitta bai so ganin fuskar wanda ya kashe baffansa ba, don me za mu matsa wa wata tsohuwa ta yi murmushi a hoto?

A Labanon ma an sami wanda ya bi wannan hanya. As'ad Shaftari, mataimakin Hubaiƙa a sashen leƙen asiri, ya buga wasiƙa a jarida a watan Fabrairun 2000 yana neman gafarar waɗanda ya zalunta da iyalansu, alhali doka ba ta bin sa komai. Kaɗan ne ƙwarai suka bi sahunsa. Littattafan tarihi na makarantun ƙasar har yau ba su da darasi ɗaya da aka yarda da shi kan yaƙin, kowane yaro a gida yake jin nasa, kuma a kowane gida su ne aka zalunta. Mu a ganinmu, ƙasar da ta saba wa manyanta cewa ba a tambayarsu, ba za ta iya tambayarsu ranar da take buƙata ba. Ranar 4 ga Agusta 2020 tan 2,750 na sinadarin da ake takin zamani da shi, wanda aka jibge shekaru a tashar jiragen ruwan Bairut, ya fashe ya kashe mutum fiye da 200. Alƙalin farko da ya gayyaci manya aka cire shi, na biyu aka yi ta ɗaure masa hannu da ƙararraki.

A watan Disambar 2024, da gwamnatin Asad ta faɗi aka fasa gidajen yarin Siriya, wani ɗan Labanon ya koma garinsu bayan shekara 33 a tsare. Sauran iyalai suka sake fito da tsofaffin hotuna masu launin ƙasa, suna bin bidiyo a waya ɗaya bayan ɗaya ko za su ga fuskar da suka sani.

Sau ɗaya muka taɓa gwada wani abu a irin zaman da muka faɗa a farko. Kafin mu tafi mun zagaya, mun rubuta sunayen waɗanda aka rasa a takarda, namu da na maƙwabtanmu Yarabawa, don su ma sun yi rashi, da niyyar in an miƙo mana lasifika mu karanta su ɗaya bayan ɗaya kafin addu'a, mu kuma ce mu ba mu da ikon yafewa a madadin iyalansu, sai dai mu roƙe su. Da lokaci ya yi muka zaro takardar daga aljihu. Shugaban zaman ya leƙo ya ga abin da ke ciki, ya dafa mana gwiwa, ya ce a hankali, "Allah gafarta Malam, manya na sauri, a yi mana addu'a kawai." Muka dubi 'yan sandan da ke bakin rumfa, muka dubi samarin ɓangarorin biyu da ke tsaitsaye a baya ba mai dariya a cikinsu, muka tuna kasuwar da ta kwana biyar a rufe. Muka ninke takardar, muka ɗaga hannu muka yi addu'ar. Takardar na nan cikin Risalarmu, a babin hukuncin jini.